Baturen Jarwal, Mijin Innata

Daga Allah muke, gare Shi kuma Baba ya koma, wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na gidanmu da ke Hindawiyya. Da la'asar aka sallace shi a Harami, kafin magariba an rufe shi. Haka Makka take, ba ta barin gawa ta kwana.

Da yamma samarin unguwa suka jera kujeru a bakin titi, suka rataya fitilu kamar yadda ake zaman makoki a nan, mu mata muna daga ciki. Na zaci mutane kaɗan za su zo, don sa'o'insa duk sun riga shi tafiya. Sai ga babban ɗana yana leƙowa, yana cewa gahawa ta ƙare a sake ɗorawa, direbobin tasi sun ajiye motoci har sun toshe layi. Wata tsohuwa 'yar Damagaram da ban taɓa gani ba ta rarrafo ta kama hannuna.

"Ke ce ɗiyar Baturen Jarwal?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "Shekarar da aka kama mijina ba shi da takardar izinin zama, shi ya riƙa kawo mana gurasa har bakin ƙofa. Sai ya yi sallama, ya ajiye, ya juya baya, don kada ya ga fuskar wadda ta fito ɗauka."

Ban san da wannan ba. Na zauna gida ɗaya da shi tun ina yarinya, ga shi yau ina da jikoki, amma sai ranar na ji.

Jikokin nawa, waɗanda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, suna gefe suna ta "Allah yarhamak ya jaddi," wato Allah Ya jiƙanka kakana. A wajen maza kuwa, in ji ɗana, gardama ce ta tashi a hankali. Wani ya ce marigayin ɗan sarkin Ingila ne da aka hana gadon sarauta. Wani ya ce a'a, soja ne. Wani dattijo ya rage murya ya ce ɗan leƙen asiri ne da Allah ya shiryar. Da na ji, duk da hawayen da ke idona sai da na yi murmushi, don na san abin da zai fara gyara musu. Duk wanda ya kira shi mutumin Ingila, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Gafara dai, ni mutumin Scotland ne. Ka taɓa ce wa Basakkwace Bakano ka ga yadda ya dube ka?"

Wannan gardamar ce ta sa na zauna rubuta abin da na sani, kafin ni ma na bi shi, a bar jikoki da labarin ɗan leƙen asiri.

Baba ba shi ya haife ni ba. Mahaifina ya rasu ina goye. Baba mijin innata ne, amma ban san wani uba ba bayansa, shi ma bai taɓa barin kowa ya kira ni agola a gabansa ba.

A ƙasarsu ɗan babban gida ne, ɗan fari kuma namiji tilo. Gidansu na da sarautar gado, irin wadda suke kira Lod, da wani tsohon gidan dutse a gindin tsauni, da gonaki da makiyaya da suke zaune a ƙasar gidan tun kaka da kakanni. Yana saurayi ya yi aikin gwamnati a ƙasar Katsina zamanin Turawa, a can ya iya Hausa. Da mahaifinsa ya rasu aka kira shi gida, sarauta ta hau kansa, daga nan aka ɗauke shi hidima a fadar ƙasarsu. Na taɓa tambayarsa me bafade yake yi a can.

Ya ce, "Tsayuwa, ɗiyata. Tsayuwa da sanin wanda ya fi wani. Wa zai fara shiga, wa zai zauna kusa, wa za a miƙa wa hannu, wa za a ɗaga wa kai kawai. Na ƙware ƙwarai. In ka shigo zaure, kafin ka kai tsakiya na san kujerarka."

Yadda ya musulunta bai cika faɗa ba. Abin da ya ce mini shi ne, matarsa ta farko ta rasu tana da ƙuruciya, kuma a watannin da suka biyo baya babu abin da ke dawo masa a kunne sai kiran sallar asuba na ƙauyukan da ya yi rangadi. Ya yi shekaru yana karatu a ɓoye, sannan ya fito fili, ya ajiye aikin fada, ya taho Hajji.

A Muzdalifa ya haɗu da kawuna, yayan Inna. Gari ya waye, jama'a na tururuwa zuwa Mina, shi kuma takalmansa sun ɓace a cikin tsakuwa. Yana ɗingishi, ƙafa ta fashe, sai ya ji wani a bayansa yana ce wa abokinsa da Hausa, "Dubi wannan jan mutum, ko kaza ta fi shi tafin ƙafa." Baba ya juya ya ce, "Gaskiyarka, malam. Ko kana da takalmin aro?" Kawu ya ce saura kaɗan ya zube don kunya. Ya tuɓe silifas ɗinsa ya ba shi, ya taka ƙasa har Mina. Bayan Hajji ya kawo shi gidanmu na unguwar Jarwal cin tuwo. Baba ya sami aikin koyar da Turanci, ya kama ɗaki a layinmu, bai koma ba.

Amma kawun nan da ya ba shi takalmi, shi ya hana shi Inna. Ranar da Baba ya aiko neman aure, Kawu ya same shi a ƙofar masallaci, mutane na ji.

"Takalmi na ba ka, ban ba ka ƙanwata ba. Kai baƙon sanyi ne. Ran da zafin garin nan ya ishe ka, jirgi za ka hau, ka bar mini bazawara karo na biyu da marainiya a hannu."

Baba ya ce, "To me zan yi ka yarda?"

"Ka zauna mu gani."

Ya zauna. Bazara ta zo ta wuce, wata ta zo. Ɗakinsa babu na'urar sanyi, sai fanka mai kuka. Fatarsa ta yi ja ta saɓule, ta sake yin ja. Duk tsawon lokacin nan Kawu ba ya amsa masa sai sallama, shi kuma kullum bayan la'asar sai ya zo ya gaida Kaka, ya tafi. A ƙarshe Kaka ce ta kira ɗanta ta ce, "Mutumin nan ya soyu ya isa haka. Ko so kake sai ya ƙone?" Aka ɗaura aure. Kawu bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Abin da na sani, da ciwon ajali ya kama shi, ba ya yarda kowa ya juya shi a shimfiɗa sai Baba.

Tsakanin Baba da Kaka kuwa wani abu ne daban. Kaka, mahaifiyar Inna, da ƙafa ta zo Makka tana amarya, ta ƙasar Sudan, kuma ba ta sake ganin garinsu ba. Gyaɗa take soyawa tana ƙullawa a leda. Amma in ta shigo ɗaki, Baba sai ya miƙe tsaye, hannuwa a gefe, ba ya zama sai ta zauna. In zai fita daga gabanta da baya-baya yake fita. Inna ta ce masa mutane na dariya. Ya ce, "Na yi wa waɗanda ba su haifa mini mata ba, balle ita."

Ashe ya san garin su Kaka, ya kwana a can lokacin rangadi. Shi ne mutum na ƙarshe a cikinmu da ya ga garin da idonsa. Sai ta zaunar da shi tana ɓare gyaɗa tana tambaya. Kukar bakin kasuwa tana nan? Rijiyar da ke bayan masallaci fa, har yanzu ruwanta da garɗi? Shi kuma yana amsawa da Hausarsa ta mutanen da, irin wadda ko a rediyo an daina ji, yana "ranki ya daɗe" yana "lalle kuwa." Tambayoyin ba sa canzawa, amsoshin ma haka, kuma ba su taɓa gajiya ba. Wata rana tana cikin tambaya sai ta ajiye faranti ta ce, "Ka san irinku ne suka kore mu? Aikin tilas na hanya ya kashe ƙanen mijina, shi ya sa muka bar gari." Na zaci zai kare kansa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani, ranki ya daɗe. Na sa hannu a irin wannan aiki." Ta daɗe tana dubansa, sannan ta tura masa farantin ta ce ya taya ta ɓara.

Yana da halaye da har ya mutu ba mu saba da su ba. Ba ya jingina da bango, ko a Harami. Shi yake goge tufafinsa da kansa. Da safe, mu muna cin wake da gurasa mai zafi, shi sai ya dama wani kunun hatsin ƙasarsu mai kauri, ya barbaɗa gishiri maimakon sukari. Inna takan kawar da kai ta ce, "Malam, wannan ko mara lafiya aka ba sai ya yi ƙara." In ya yi fushi ba ya ɗaga murya, sai ladabinsa ya ƙaru, har ka gwammace ya zage ka. Na tuna ranar da na yi wa wata 'yar aikin maƙwabta tsawa ina budurwa. Bai yi mini faɗa ba, sai ya wuni yana kira na "ranki ya daɗe." Kafin dare na je na ba ta haƙuri.

Ruwan sama kuwa, a garin da ba a cika samunsa ba, shi ne ranar sallarsa. Da hadari ya haɗu sai ya hau soro, ya cire hula, ya tsaya har ya jiƙe sharkaf. Ina ƙarama nakan bi shi. Ya ce a ƙasarsu haka ake wuni ana yayyafi, hazo ya sauko ya rufe tsauni, tumaki su ɓace a ciki sai kukansu kake ji. Na ce, "Baba, ba ka son komawa?" Ya ce, "Kullum." Na ce to me ya hana. Ya ce, "In na je, nan zan riƙa so. Gara in zauna inda nake so a binne ni." Daga nan ya ce mu sauka kada Inna ta yi faɗa.

Akwai abin da bai faɗa a soro ba, sai da na girma na sani. Ya baro ɗa a can. Lokacin da ya taho yaron yana makarantar kwana, bai kai shekarun balaga ba. Ya damƙa shi da gida da gonaki a hannun ƙanwarsa, da niyyar in ya natsu zai ɗauko shi. Dangi suka ƙi, yaron ma ya ƙi. Sarautar kuma ba a tuɓe ta kamar riga, tana kansa har ya mutu, ɗan yana can yana riƙe da gida babu suna, uban yana nan da suna babu gida.

Sau ɗaya suka haɗu ina gani. Na riga na yi aure lokacin. Ɗan ya zo Jidda, don wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, Baba ya ce in raka shi. A hanya ya yi ta gyara wuyan rigarsa. Muka same shi a zauren wani otal, dogo kamar Baba, har tsayuwar iri ɗaya. Suka yi musabaha kamar baƙi. Baba ya koya mini Turanci daidai gwargwado, don haka na ji abin da aka ce. Sun yi maganar rufin gida da ke yoyo, da wani makiyayi da ya rasu. Can sai ɗan ya dube ni, ya ce wa Baba, "Wannan ce ka reno?" Baba ya ce ita ce. Ya ce, "Ranar da aka sallame mu daga makaranta kowa da ubansa. Ni na tsaya a bakin ƙofa har aka kulle, ko da na san ba za ka zo ba." Ɗan ya miƙe, ya yi mana sallama cikin ladabi irin na gidansu, ya hau sama.

Muka kama hanyar komawa Makka. Ni kuma na zauna a bayan mota ina jin kamar an kama ni da kayan wani. Duk labaran da ya ba ni, duk rakiyar makaranta, duk daren da ya yi jinyata, ashe akwai mai su. Da muka sauka na ce, "Baba, ka koma wurinsa ko na wata ɗaya ne." Ya ce, "Ya ce kada in zo. Yana da gaskiya." Bayan haka sukan gaisa ta waya lokaci-lokaci, gaisuwar da ba ta wuce lafiya da yanayin gari.

Sai shekaru suka yi ta ɗauke masa mutane. Kaka ta tafi, Kawu ya bi ta. Aka rushe layinmu na Jarwal za a gina otal-otal, muka kwashe zuwa Hindawiyya. Ranar da motar rusau ta zo ya sa fararen kaya ya je ya tsaya yana kallo har soron ya faɗi. Inna ta rasu bayan ƙaurarmu ba da daɗewa ba. Tun daga ranar ya daina dama kununsa. Na tambaye shi dalili, ya ce babu mai kushe shi.

A shekarunsa na ƙarshe tunaninsa ya fara yawo. Larabci ne ya fara barinsa. Hausa da Turanci suka cakuɗe, wani lokaci kuma ya yi wani yare da babu mai ji, wanda daga baya na gane na matar da ta rene shi ne yana jariri. Yakan kira ni da sunan ƙanwarsa, ya tambaye ni ko ƙanƙara ta sauka a kan tsauni. Sai in ce ta sauka. Salla kaɗai ba ta ɓace masa ba. Da ya ji kira sai ya fara laluben butarsa.

Da na ga jiki ya yi nisa, na sa ɗana ya kira ɗan nasa ta wayar da ake ganin juna. Shi ma ya tsufa, kansa fari fat. Na riƙe wa Baba wayar a gaban fuska. Ya ƙura ido, sai na ga yana ƙoƙarin miƙewa zaune, yana gyara kafaɗa. Ashe a zatonsa marigayi mahaifinsa yake gani. Ya ce da Turanci, da muryar da ban taɓa ji ba, "Baba, na bar yaron. Na bar shi shi kaɗai a makaranta, ban koma na ɗauko shi ba. A aika wani ya ɗauko shi, dare zai yi."

A cikin wayar mutumin ya cire tabarau, ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya buɗe sai ya ce, "An ɗauko shi. Yana gida. Ya girma, yana da 'ya'ya, yana lafiya."

Baba ya ce, "Ba ya fushi?"

Mutumin ya mayar da tabarau ɗinsa. Sannan ya ce, "Ya daina."

Baba ya koma ya kwanta, ya ce da Hausa, "To, alhamdu lillahi." Bai ƙara mako biyu ba.

A Harami babu wanda ya ambaci sunansa ko sarautarsa. An jera shi da sauran gawawwakin ranar, aka yi kiran sallar mamata, dubban mutanen da ba su san shi ba suka yi sahu. Da na kira ɗan na gaya masa, ya ce a gidansu akwai wurin da ake ajiye duk wanda ya riƙe sarautar, kowa da sunansa a sassaƙe a dutse, an bar wa Baba gurbi kusa da mahaifinsa. Na ce ya yi haƙuri, an riga an rufe shi. Ya ce ya sani, dama faɗa kawai yake yi.

Bayan arba'in ɗan nasa ya sauka a Jidda, yanzu shi ne mai sarautar. Ya roƙi abu ɗaya, a kai shi iyakar inda aka yarda ya kai. Ɗana ya ɗauko mu a tasinsa muka kama hanyar Makka, har wurin da allo ya nuna inda waɗanda ba Musulmi ba za su ratse. Muka ratse, muka tsaya a gefen titi. Rana ta yi sanyi, manyan motoci na wucewa. Ya fito ya tsaya, hannuwa a gefe, bai jingina da motar ba. Ɗana ya nuna masa da hannu, ya ce bayan waɗancan duwatsun ne.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce duwatsun sun yi kama da nasu, ciyawa ce kawai babu. Sannan ya juyo ya tambaye ni me aka rubuta a kan kabarin. Na ce ba a rubutu a nan, dutse ne ƙarami ake ajiyewa a wajen kai, kowa iri ɗaya.

Ya ce, "To ke kina zuwa ai. In kin je ki gaya masa na zo har nan."

Na ce, "Yaya, ni ma ban taɓa ganinsa ba. Mata ba sa shiga maƙabarta a garin nan. In mun wuce a mota, daga bayan katanga nake yi masa sallama."

Ya tambayi ɗana ma'anar kalmar da na kira shi da ita, ɗana ya gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya matso kusa da ni. Muka tsaya mu biyu a bakin titi muna duban duwatsun, ni ina karanta abin da na iya, shi yana motsa baki da nasa, har aka kira magariba daga wani masallaci can nesa, ɗana ya ce lokaci ya yi da za mu mayar da shi.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haɗa shi da Inna da Kaka da Kawu a inda babu mai baro wani. Ya sanyaya masa makwanci, shi da ya jure zafin garin nan saboda mu.